Darasi na 12: Lissafin Kewaye, daga Shingen Lambu zuwa Bakin Rijiya

Abin da za mu koya

A ƙarshen wannan darasi kowane ɗalibi zai iya:
a) auna kewayen gona, lambu ko filin gida, ya rubuta shi da mita;
b) lissafa kewayen abu zagayayye, kamar rumbu, ɗaki ko bakin rijiya;
c) sanin yawan waya, zana ko bulon da aiki zai ci tun kafin a fita kasuwa.

Kayan aiki: igiya doguwa, zare, ma'aunin tela, turke, faifai, kwano, murfin tukunya, allo da alli.

1. Lambun da aka bar wa ɓaraka

Mu ɗauki misalin wata ƙungiyar mata a wani ƙauye na karkarar Gangara. Mai gari ya ba su fili a fadama don noman rani. Kaka ta wuce, an kwashe gero da wake, an saki dabbobi cikin gonaki, kuma kowa ya san abin da akuya ke yi wa ɗanyen salati. Sai suka haɗa kuɗin asusu, shugabarsu ta hau mota zuwa Maraɗi sayen wayar raga.

Mai shago ya ce, "Hajiya, filin naku mita nawa ne?"

Ta ce, "Wallahi, Alhaji, ba mu auna ba. Amma yadda na gan shi, naɗi biyar zai isa."

Ya ce, "To, kowane naɗi mita 25 ne. Allah ya sa albarka."

Da aka zo kafa shinge, waya ta ƙare, ga gefen gabas a buɗe. Aka toshe da ƙaya kafin a sake tara kuɗi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: kafin mako ya zagayo awaki sun ture ƙayar sun kwana a cikin kabeji.

Ana cewa ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Gaskiya ne, domin ƙimar Hajiya ba ta yi nisa da daidai ba. Sai dai mai shago da mita yake sayarwa, akuya kuwa ɓaraka kaɗan ta ishe ta. Filin nan tsawonsa mita 40 ne, faɗinsa mita 30. Ku riƙe waɗannan lambobi biyu, za mu dawo kansu.

Tambayoyin tattaunawa: Wa ya taɓa sayen zana, waya ko yadi ya kasa masa? Wa ya taɓa saye ya yi yawa, kuɗi suka kwanta a banza?

2. Mene ne kewaye?

Idan manomi ya tsaya a kusurwar gonarsa, ya bi iyaka yana duba gamba da itatuwan da ke raba shi da maƙwabci, har ya dawo inda ya tashi, tsawon tafiyar da ya yi shi ne kewayen gonar. Haka kuma idan aka shimfiɗa igiya a kan iyakar nan duka, sannan aka ɗauke ta aka miƙe ta, tsawon igiyar shi ne kewaye.

Wannan shi ne gindin darasin baki ɗaya. Ko iyaka miƙaƙƙiya ce kamar katanga, ko lanƙwasasshiya ce kamar bakin tukunya, kewaye tsawo ne, kuma da ma'aunin tsawo ake faɗarsa.

3. Da me za mu auna?

Iyayenmu suna da nasu awon. Zurfin rijiya da gaba ake faɗarsa, zane da kamu, ƙaramin abu da taƙi, fili da taku. Har gobe suna da amfani wurin kintace. Matsalarsu ɗaya ce: gabar dogo ta fi ta gajere, takun saurayi ya fi na dattijo. Mita kuwa ba ta canzawa, yadda take a Gangara haka take a Gazawa, a Yamai da Kano.

Mita 1 = santimita 100
Kilomita 1 = mita 1000

Idan muka rubuta mita 1,80 muna nufin mita ɗaya da santimita tamanin. A Nijar waƙafi muke sawa tsakanin lambobin. A Najeriya, da kuma cikin na'urar lissafi ta wayar salula, ɗigo za ku gani, wato 1.80. Ma'anarsu ɗaya.

Ma'aunin tela gajere ne, ba zai auna gona ba. Don haka kowane ɗalibi ya haɗa igiyar awo. A nan kwarin Gulbin Kaba igiya ba ta wuya. A sami mai ƙwari, a auna mita 10 da ma'aunin tela, a ɗaura tsumma a kan kowace mita. Mutum biyu su ja ta, na uku ya riƙa jefa tsakuwa ɗaya a aljihu duk lokacin da igiya ta cika. Tsakuwa takwas da alama biyar, mita 85 ke nan. A ja igiya ta miƙe sosai, domin sakakkiyar igiya tana ƙara wa lissafi mitocin da babu su a ƙasa. Lokaci-lokaci kuma a sake gwada ta da ma'aunin tela, don igiya takan saki in ta sha aiki.

4. Fili mai miƙaƙƙun gyaffa

Doka ta farko: a auna kowane gefe, a tara su duka.

Misali na 1. Gonakinmu ba kasafai suke da siffa daidai ba. Ga gonar gado mai gefe biyar: mita 85, mita 62, mita 47, mita 90 da mita 56.
85 + 62 + 47 + 90 + 56 = 340
Kewayenta mita 340 ne.

Kada a raina wannan rubutu. Dokar karkara ta Nijar ta 1993 ce ta kawo kwamitocin filaye, waɗanda a yau ake samunsu tun daga ƙauye har gunduma. Wanda ya je gabansu da tsawon kowane gefe na gonarsa a rubuce, da sunan maƙwabcin kowane gefe, maganarsa ta fi ta mai cewa "daga gawon can zuwa gawon can", domin gawo yana iya faɗuwa.

Misali na 2. Wani fili ya faɗo tsakanin hanyoyi biyu da burtali, sai ya zama alwatika, wato mai gefe uku: mita 35, mita 28 da mita 21.
35 + 28 + 21 = 84
Kewayensa mita 84 ne.

Misali na 3. Garken awaki murabba'i ne, wato gyaffansa huɗu duk tsawonsu ɗaya, kowane mita 6. A nan ba sai an yi ta tarawa ba, ninkawa ta fi sauri.
6 × 4 = 24
Kewayensa mita 24 ne.

Misali na 4. Yanzu mu koma lambun mata. Kusurwoyinsa huɗu daidai suke kamar na tabarma: gefe biyu dogaye masu tsawo ɗaya, gefe biyu gajeru masu tsawo ɗaya. A tara tsawo da faɗi, a ninka sau biyu.
40 + 30 = 70
70 × 2 = 140
Kewayen lambun mita 140 ne. Naɗi biyar da Hajiya ta sayo kuwa 5 × 25 = 125. Ɓarakar da awaki suka samu mita 15 ce.

Da an yi lissafi tun farko, ga yadda zai tafi. Za a bar ƙofa ta mita 2, saura 138. A raba 138 da 25, a sami 5 da ragowar mita 13. Naɗi biyar bai isa ba, sai shida. Duk lokacin da rabawa ta bar saura a sayen kaya, sama ake hawa, ba a saukowa ƙasa.

Sai dirkoki. In za a kafa ɗaya a kowace mita 2, to 140 ÷ 2 = 70. Shingen da ya zagayo ya haɗe, yawan dirkokinsa daidai yake da yawan tazarar da ke tsakaninsu. Amma in gefe ɗaya kaɗai za a shinge, a miƙe, sai an ƙara dirka guda ta ƙarshe: mita 40 za ta ci 21.

Mu ƙaddara naɗi ɗaya jika 20 ne, dirka ɗaya dala 100.
Waya: 6 × 20 = jika 120
Dirkoki: 70 × 100 = dala 7000, wato jika 35
Jimla: jika 155
Wannan farashi na gwaji ne kawai. Ku tambayo na kasuwarku ku sake lissafin.

Misali na 5. Wani lokaci wayar ce a hannu, filin ake nema. Kana da naɗi huɗu, mita 100 ke nan, kana son tsawon lambu ya zama mita 30. Faɗin fa? A raba kewaye biyu, a ɗebe tsawo.
100 ÷ 2 = 50
50 − 30 = 20
Faɗin zai zama mita 20.

5. Kewaye daban, girman fili daban

Nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe. Sukan ɗauka in gonaki biyu sun ci shinge ɗaya, to girmansu ɗaya. Mu gwada da wayar nan ta mita 100, mu ƙirga fangali nawa mai mita ɗaya tsawo da mita ɗaya faɗi zai shiga ciki.

Tsawo 40, faɗi 10: kewaye 100, fangali 400
Tsawo 30, faɗi 20: kewaye 100, fangali 600
Tsawo 25, faɗi 25: kewaye 100, fangali 625

Waya ɗaya, kuɗi ɗaya, amma siririn fili ya yi asarar fangali 225 in aka gwada shi da murabba'i. Da za a lanƙwasa wayar ta zama da'ira, za ta ɗauki kimanin 796. Ashe masu zagaye rumbu da garke sun san abin da suke yi: da kaya kaɗan suke samun wuri mai yawa. Lissafin girman fili yana zuwa a darasi na gaba. Abin riƙewa a yau shi ne, mai sayen shinge kewaye yake tambaya, mai sayen iri ko taki girman fili yake tambaya.

6. Da'ira da sassanta

Ku tuna yadda magini ke fitar da harsashin ɗaki zagayayye. Yakan kafa turke, ya ɗaura masa igiya, ya ɗaura tsinke a ɗaya bakin, ya ja igiya ta miƙe, ya zagaya yana zane a ƙasa. Abin da ya fito shi ne da'ira. Mu fita tsakar gida mu yi haka, mu ba kowane sashe suna.

Cibiya: inda turke yake.
Rabin faɗi: tsawon igiya, daga cibiya zuwa zane.
Faɗi: daga baki zuwa baki, a miƙe, ta kan cibiya. Rabin faɗi sau biyu ke nan.
Kewaye: tsawon zanen duka.

Da'ira ba ta da gyaffan da za a tara. Ta yaya za a san kewayenta ba tare da an zagaya ta da igiya ba? Magini yana bukatar amsar tun ɗakin bai samu ba.

Aikin rukuni: ku kasu uku-uku. Kowane rukuni ya ɗauki abu zagayayye. Ku auna faɗinsa ta tsakiya. Ku naɗa zare a bakinsa sau ɗaya, ku yanke, ku miƙe zaren ku auna. Sannan ku raba tsawon zaren da faɗin. Ga irin abin da za ku iya samu:

Kwano: faɗi santimita 14, kewaye 44
Murfin tukunya: faɗi santimita 21, kewaye 66
Faifai: faɗi santimita 35, kewaye 110

A raba 44 da 14, ko 66 da 21, ko 110 da 35, amsar ɗaya ce: uku da ɗan ƙari, kimanin 3,14. In wani rukuni ya sami 3,1 wani 3,2, ba laifi, zare ne ya ɗan saki ko faifan bai zagaye sosai ba. Wanda bai saba da rabawa ba tukuna, ya ɗora zaren a kan faɗin faifai: zai kwanta sau uku, ɗan guntu ya rage. Guntun nan kusan kashi ɗaya ne cikin bakwai na faɗin.

Zobe ne ko bakin rijiya, ƙwarya ce ko tayar babbar mota, wannan lamba ba ta canzawa. Masana lissafi suna kiranta pi, suna rubuta ta da harafin Girkanci π.

Doka ta biyu: kewayen da'ira = faɗi × 3,14
In babu takarda a kusa: a ninka faɗi sau uku, a ƙara kashi ɗaya cikin bakwai na faɗin.

7. Da'ira a bakin aiki

Misali na 6. Rumbu mai faɗin mita 3. Zana mita nawa za ta zagaye shi?
3 × 3,14 = 9,42
Wanda ya tsaya a "sau uku" zai yanko mita 9, ya bar wa ɓera da kaji ƙofa ta santimita 42. A ƙara kuma ɗan abin da baki zai hau kan baki wurin ɗauri.

Misali na 7. Magini ya ja igiya ta mita 2 daga turke. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ninka 2 da 3,14 kai tsaye. Igiyar rabin faɗi ce, sai an ninka ta biyu tukuna.
2 × 2 = 4
4 × 3,14 = 12,56
Kewayen mita 12,56 ne, wato santimita 1256. In bulo ɗaya da laka yana cin santimita 40, to 1256 ÷ 40 = 31,4. Kowane layi zai ci bulo 32, a cire na gurbin ƙofa.

Misali na 8. Rijiyar siminti, faɗin bakinta daga ciki mita 1,80, kaurin bangonta santimita 10. Bangon yana nan ta dama yana nan ta hagu, don haka faɗin waje 1,80 + 0,10 + 0,10 = mita 2.
Kewayen ciki: 1,80 × 3,14 = 5,65
Kewayen waje: 2 × 3,14 = 6,28
Kafin a fara lissafi, a tambaya: na ciki ake so ko na waje?

Yanzu ana son a zagaye rijiyar da shinge, mita 3 daga bakinta, don dabbobi su daina ɓata wurin ɗibar ruwa. Faɗin shingen 3 + 2 + 3 = 8.
8 × 3,14 = 25,12
Naɗi ɗaya na mita 25 zai gaza da santimita 12. Amma da yake za a bar ƙofa ta mita ɗaya, ya isa har da ragowa. Lissafi ya hana sayen naɗi na biyu.

Misali na 9. Rabin wata da ake haƙawa a faƙo don tare ruwan sama, mai faɗin mita 4. Kunyarsa rabin da'ira ce.
4 × 3,14 = 12,56
12,56 ÷ 2 = 6,28
Ƙa'idar da malaman gona suka saba bayarwa ita ce 313 a hekta ɗaya. To 313 × 6,28 ya kai kimanin mita 1966. Wanda ya cika hekta da rabin wata ya tayar da kunya kusan kilomita biyu da hannunsa. In za a shuka ciyawa a kan kunyar don ta riƙe ƙasa, wannan tsawon ake yi wa tanadin iri.

Misali na 10. Taya ma ma'auni ce. Tayar keke mai faɗin santimita 70, kowane juyi ɗaya tana cin ƙasa daidai kewayenta.
70 × 3 = 210, a ƙara 70 ÷ 7 = 10, jimla santimita 220
A ɗaura jan tsumma a jikin tayar, a tura keken a gefen gona, a ƙirga sau nawa tsumman ya taɓa ƙasa. Juyi 50 shi ne 50 × 2,20 = mita 110. Mutum ɗaya yana iya auna gonarsa haka ba tare da mai riƙe masa igiya ba, muddin ƙasar ba rairayi mai zurfi ba ce.

8. Daga kewaye zuwa faɗi

Akwai abin da ba a iya ratsa tsakiyarsa da ma'auni, kamar itace a tsaye ko kan mutum. A nan sai a juya dokar.

Doka ta uku: faɗi = kewaye ÷ 3,14

Misali na 11. Manoman ƙasar Maraɗi sun yi suna wajen barin tohon itatuwa su girma cikin gonaki. Mai son sanin kaurin gawonsa ya zagaya gindin da zare daidai ƙirjinsa. In ya sami santimita 157:
157 ÷ 3,14 = 50
Kaurin gawon santimita 50 ne. In ya rubuta ya sake aunawa baɗi, zai ga abin da itacen ya ƙara.

Misali na 12. Mai ɗinkin hula ya auna kan mutum ya sami santimita 56,5.
56,5 ÷ 3,14 = kimanin 18
Zai yanka saman hular da faɗin santimita 18, ya bar ɗan ƙari na ɗinki.

Akwai kuma kewayen da iyaye mata suka sani daga asibiti: ɗan ma'aunin nan mai launi uku da ake naɗawa a damtsen yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5. Kewayen damtse yake aunawa. Daga santimita 12,5 zuwa sama kore ne. Tsakanin 11,5 da 12,5 rawaya ne, a kai yaro a duba shi. Ƙasa da 11,5 ja ne, alamar tamowa mai tsanani, a garzaya asibiti ranar.

9. Ƙarin bayani: daga ina 3,14 ta fito?

Mutane sun daɗe suna bin sawun guntun zaren nan da ke raguwa. Wani marubucin tsohuwar Masar mai suna Ahmes, fiye da shekara 3500 da suka wuce, ya bar lissafin da ya yi daidai da 3,16. Arshimidis, Bagirke mutumin tsibirin Sisili, wanda ya rasu shekara 212 kafin haihuwar Annabi Isa, ya yi dabara irin tamu ta tara gyaffa. Ya zana siffa mai gefe 96 a cikin da'ira, ya zana wata a wajenta, ya lissafa kewayen kowace, ya nuna cewa lambar tana ƙasa kaɗan da uku da kashi ɗaya cikin bakwai. A Sin, Zu Chongzhi ya kawo 355 ÷ 113 a ƙarni na biyar. Al-Khawarizmi, malamin Bagadaza na ƙarni na tara, ya yi aiki da 3,1416. A 1424 kuma, a birnin Samarƙand, Al-Kashi ya fitar da lambobi 16 bayan waƙafi, duk da hannu. Daga baya, a shekarun 1760, wani masani mai suna Lambert ya tabbatar da cewa lambobin ba su da ƙarshe. Ga mai shinge da mai rumbu 3,14 ta wadatar: a da'ira mai faɗin mita 10, abin da take ragewa bai kai santimita 2 ba.

Ita kanta mitar da ke hannun tela daga kewaye aka samo ta. A shekarun 1790 masanan Faransa suka ɗauki nisan da ke tsakanin ƙuryar arewacin duniya da layin da ya raba duniya biyu, suka kasa shi kashi miliyan goma, suka kira kashi ɗaya mita. Nisan nan rubu'in kewayen duniya ne, shi ya sa kewayen ya zama kimanin kilomita dubu 40. Ku raba da 3,14, za ku sami faɗin duniya, wajen kilomita dubu 12 da ɗari 7. Dokar da ta auna gawo ita ta auna duniya.

10. Abin tunawa

Fili mai gyaffa: a tara gyaffan duka.
Murabba'i: gefe × 4.
Mai tsawo da faɗi: a tara tsawo da faɗi, a ninka sau 2.
Da'ira: faɗi × 3,14.
Faɗin da'ira: kewaye ÷ 3,14.
In rabin faɗi aka bayar, a ninka shi biyu tukuna.
Kada a tara mita da santimita sai an mayar da su awo ɗaya.

11. Gwaji

1. Filin gida murabba'i ne, kowane gefe mita 20. Za a bar ƙofa ta mita 3. Katanga mita nawa za a gina?
2. Gonar aya tana da tsawon mita 120 da faɗin mita 75. Nawa ne kewayenta?
3. Gyaffan wata gona mita 64, 58, 71 da 49 ne. Nawa ne kewayenta?
4. Kewayen lambu mita 150, tsawonsa mita 45. Nawa ne faɗinsa?
5. Rumbu mai faɗin mita 2,5. Nawa ne kewayensa?
6. An ɗaure akuya a turke da igiya ta mita 3. In ta ja igiyar ta zagaya sau ɗaya, mita nawa ta taka?
7. Kewayen gindin kuka mita 9,42. Nawa ne kaurinta?
8. Tayar keke mai faɗin santimita 70 ta juya sau 200. Mita nawa aka yi?
9. Za a shinge garke zagayayye mai faɗin mita 14. Naɗi nawa na mita 25 za a saya? In kowane jika 20 ne, nawa za a biya?
10. An haƙa rabin wata 50 masu faɗin mita 4. Kunya mita nawa aka tayar?

Amsoshi: (1) mita 77, (2) mita 390, (3) mita 242, (4) mita 30, (5) mita 7,85, (6) mita 18,84, (7) mita 3, (8) kimanin mita 440, (9) kewaye kimanin mita 44, naɗi 2, jika 40, (10) mita 314.

Ga malami: a lura da tambaya ta 6, nan ake gane wanda ya bambanta faɗi da rabin faɗi. Wanda ya sami 9,42 a mayar da shi tsakar gida da turke da igiya, ya taka da'irar da ƙafarsa.

12. Aikin gida

Kafin zama na gaba, kowa ya auna abu biyu a gidansa ko gonarsa, ɗaya mai gyaffa, ɗaya zagayayye. Ka fara kintatawa da ido ka rubuta. Sannan ka lissafa da doka ka rubuta. Daga ƙarshe ka zagaya abin da igiya ka rubuta. Ka zo mana da lambobin uku mu ga wace ce ta yi nisa da ƴan'uwanta.

Ɗalibi, igiyar awon da ka haɗa yau kada ta zama ta ɗaure akuya. Rataye ta inda ruwa ba zai taɓa ta ba. Duk ranar da za ka sayi waya, zana ko bulo, ka riga kuɗinka zuwa filin, ka auna, ka rubuta a takarda, sannan ka kama hanyar kasuwa.